Tsakanin Kamu da Miƙawa: 'Yan Sintirin Bayan Ganuwar Zazzau

A watan Yunin 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da ke kan hanyar Kaduna cikin dare, suka harbe ɗalibi guda, suka tafi da ɗalibai takwas da malamai biyu. Ba a rufa mako ba suka dawo, wannan karon gidajen mutane suka bi a wajejen Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona. A farkon Yuli aka afka wa cibiyar kula da masu tarin fuka da kuturta da ke Saye, aka kwashi ma'aikata har da ƙananan yara. Da Nuwamba ta kama, ma'aikatan ƙaramar hukumar Zariya 13 aka tare a hanyar Giwa, sun fito za su ta'aziyya. Rahoton da gwamnatin jihar ta fitar da kanta ya ce a shekarar an kashe mutum 1,192 a faɗin Jihar Kaduna, an sace 3,348. A 2020 adadin ya tsaya ne a 937 da 1,972.

Abin da ya ƙara wa mutanen Zariya ɗaci shi ne garin nasu garin soja ne. A nan ake horar da kuratan sojan ƙasa tun 1924, ga makarantar soja ta yara da aka kafa a 1954, ga barikin Basawa. Yaron da zai je ya tsare Maiduguri ko Fatakwal, a Zariya aka saba fara koya masa riƙe bindiga. Duk da haka magidanci a bayan Ƙofar Gayan ya kwana da sanin cewa idan an buga ƙofarsa ƙarfe biyun dare, wanda zai fara jin ihunsa maƙwabcinsa ne, sai kuma yaron da ke zaune a bakin layi da tocila da usur.

Wannan nazari kan yaron nan ne na bakin layi, da abin da unguwa ta samu a hannunsa, da abin da ta miƙa masa ba tare da ta ankara ba.

Yadda sintirin ya tashi

Cikin birni daban yake da bayan ganuwa. A cikin birni gidaje a cuɗe suke, lungu ya shiga lungu, kuma kusan kowa an san kakansa. Baƙo ba ya wuce zaure uku ba a tambaye shi gidan wa yake nema ba. Sababbin unguwannin da suka bazu wajen Ƙofar Gayan, da hanyar Wusasa, da Dutsen Abba, da Saye, filotai ne da ma'aikata da 'yan fansho da 'yan kasuwa suka saya suka gina kaɗan-kaɗan. Tsakanin gida da gida akwai kango. Bayan gida na ƙarshe gona ce, bayan gona kuma hanyar babur ce da za ta kai mutum dazukan Giwa da Igabi har Birnin Gwari. Mai gida na iya shekara bai san sunan wanda ke haya a gidan da ke kallon nasa ba.

A irin waɗannan unguwanni tsarin kusan iri ɗaya ne. Bayan sallar isha'i liman ya ce dattawa su ɗan dakata. A kafa kwamitin tsaro, a ba wani tsohon soja ko tsohon ɗan sanda shugabanci idan akwai shi, a sayo littafi mai layi a rubuta gidaje, a yanka wa kowane gida kuɗin wata. A kafa ƙarfe a bakin layi, a sa lokacin da babur ba zai ƙara shiga ba. Matasan da suka amsa kira a ba su tocila da usur da gora, wanda ya gaji farauta ya zo da bindigar tokarsa da layunsa. A samu wani shago da ba a gama ba a kira shi ofis.

Mutane kan haɗa su duka su ce 'yan banga, amma ba abu ɗaya ba ne. Akwai waɗannan na unguwa da ba su da takarda ko ɗaya. Akwai 'yan ƙungiyar sintiri ta ƙasa mai rajista, masu kaki da muƙamai. Akwai ƙungiyoyin mafarauta. Akwai na gwamnatin jiha, wato KADVS, da dokar 2016 ta kafa a zamanin Nasir El-Rufa'i. Can cikin ƙauyuka kuma akwai 'yan sa-kai masu bin sawu har cikin daji. A dare guda, a layi guda, mutum na iya cin karo da iri biyu ko uku, kuma kowanne da wanda yake karɓar umarni a wurinsa.

Mu ɗan yi lissafi, don yawancin matsalar daga nan take farawa. A ɗauka unguwa mai gida 200, kowane gida naira 1,000 a wata. Idan kowa ya biya, an tara 200,000. Ba kowa ke biya ba: wani ya ce albashi bai shigo ba, wani ya ce shi ɗan haya ne a tambayi mai gida, wani kuma yana Abuja ya bar gidan a kulle. A ce an samu kashi biyu cikin uku. A cire batir da man babur da shayin dare, a raba saura ga mutum goma. Kowa zai tashi da abin da bai kai rubu'in mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba. Da wannan ake so mutum ya hana idonsa barci dare talatin, ya tsaya a gaban mai AK-47. Idan aka harbe shi, abin da iyalinsa za su gani shi ne tabarmar zaman makoki da ɗan abin da aka tara a masallaci.

Abin da suka iya, da abin da ya fi ƙarfinsu

Duk wanda ya ce sintirin unguwa bai yi amfani ba, bai zauna a unguwar ba. Ɓarawon da ke haura katanga ya ɗauki janareto ko injin rijiya, da masu kwance wayar taransifoma, da masu fizgar waya bayan magariba, da 'yan sara-suka da ke mayar da kango majalisa, duk waɗannan suna ja da baya idan suka san akwai mai kewaya layi. Mace mai naƙuda ta samu mai raka ta bakin titi. Kuma ɗan sintiri yana da abin da sojan da aka turo daga wata jiha ba shi da shi: ya san fuska. Ya san wanda ya tare jiya, ya san babur ɗin da ba na unguwa ba, ya san mai sayen burodi da yawa da man fetur a jarka alhali ba shi da shago. Hausawa sun ce da ɗan gari kan ci gari, kuma masu garkuwa ba sa zaɓen gida da ka, sai an nuna musu. A Maiduguri ma abin da ya sa 'yan gora suka yi tasiri a 2013 ke nan. Ba gorar ba ce ta kori 'yan Boko Haram daga cikin gari, sanin su da sunayen iyayensu ne.

Amma idan babura da dama suka taso daga daji, kowanne da goyon mai bindiga, aikin ɗan sintiri ya taƙaita ga busa usur da buga waya. Bindigar toka sau ɗaya take tashi, sai an sake ɗura ta. Dokar makamai ba ta ba shi damar riƙe irin abin da maharan ke riƙe da shi ba, kuma a ganina gara da ba ta ba shi ba. Minti goman da usur ɗinsa ya saya wa mutane su kashe fitila su fice ta baya ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai amfaninsa ya rataya ne a kan ko akwai motar da za ta taso idan an buga wayar.

Sa'o'in da ba a rubutawa

Inda lamarin ya fi buƙatar a tsaya a duba shi ne abin da ke faruwa daga lokacin da aka kama mutum zuwa lokacin da aka miƙa shi ga hukuma, idan ma an miƙa shi.

A ce ƙarfe biyun dare an ga yaro da buhu a bayan wani kango.

"Kai, tsaya nan! Ɗan gidan wa?"

Amsar wannan tambaya ita ke yanke yadda sauran daren zai kasance. Idan ya ambaci gidan da aka sani, za a tura a taso mahaifinsa ko yayansa, a yi faɗa, a ba da haƙuri, a rufe magana kafin asuba. Idan ɗan jari-bola ne, ko almajiri, ko ɗan ci-rani da ke kwana a shago, ko yaron ruga da Hausarsa ba ta nuna ba, babu wanda za a taso. Sai ofis.

Doka a fili take a nan. Mutumin gari na iya kama wanda ya gani yana aikata laifi, amma wajibi ne ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Su kansu 'yan sandan, tsarin mulkin 1999 ya ɗaure su su kai shi kotu cikin kwana ɗaya ko biyu gwargwadon nisan kotun. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25. Babu inda aka ba wani kwamitin unguwa ikon tsare mutum, balle tuhumarsa da dorina.

To me ya sa ba a miƙawa? Idan ka zauna da masu sintirin, dalilansu ba na banza ba ne. Caji ofis da nisa, kuma kai mutum cikin dare sai da mai. Wanda aka yi wa satar yana gudun zirga-zirga da kashe kuɗin da ya fi abin da aka sace masa. Sannan babban abin da ke ci musu rai: ka kai ɓarawo yau, jibi ka gan shi a bakin layi an ba da belinsa, yana kallonka, ya san gidanku. Beli haƙƙi ne a doka, amma wanda ya kwana a waje ya kamo mutum ba haka yake ganinsa ba. Daga nan sai a fara cewa gara a gama komai a ofis.

Da farko mari ne da tsallen kwaɗo. Sai a koma ɗaurewa ana duka har ya faɗi abokan satarsa. Wanda ake duka kuwa zai faɗi suna, ko na wane ne, don a sassauta. Sai a tafi a ɗauko wanda ya ambata, idan ba a same shi ba a riƙe ƙaninsa, abin da dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta haramta wa 'yan sanda kansu. Da gari ya waye uwa ta zo ta durƙusa a ƙofar shago tana cewa, "Kwamanda, don girman Allah ku bar ni in ga yarona." A yanka mata tara. Tarar nan ba ta shiga littafin kwamiti, kuma ga wanda ke karɓar ɗan abin da muka lissafa a sama, ita ce ke cike giɓin wata.

Da zarar an gane cewa ofis na da dorina kuma ba ya ɓata lokaci, sai ƙararraki su canja kama. Mai bin bashi ya kawo wanda ya ci masa kuɗi. Mai gida ya kawo ɗan haya. Uba ya kawo ɗansa mai shaye-shaye a ladabtar masa. Rikicin iyakar fili ma ya zo. Unguwa ta ɗauki masu gadi, ta wayi gari da kotun da babu alƙali, babu rubutu, babu ɗaukaka ƙara. Kuma dattawan da suka kafa ta sukan yi shiru, don suna tsoron idan suka tsawata yaran za su ajiye tocila su tafi.

Ban ce kowane ofis haka yake ba. Akwai unguwannin da suka kafa doka tun farko cewa ba a kwana da mutum a shago, ba a taɓa wanda aka kama sai an taso mai unguwa, kuma lambar DPO tana manne a bango. Bambancin da na lura da shi tsakanin irin waɗannan da sauran ba na tarbiyyar matasan ba ne kawai. A inda abin ya tsaya daidai, akwai wani dattijo guda da ake jin nauyinsa wanda ya yarda a tashe shi daga barci.

Baƙo, da wanda aka kira infoma

Sanin fuska da muka yaba yana da ɗaya gefen. Wanda aikinsa shi ne bambance ɗan unguwa da wanda ba ɗan unguwa ba, a hankali zai fara kallon baƙunta kanta a matsayin laifi. Zariya kuwa garin baƙi ne. Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 take tara ɗalibai daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, suna haya a Samaru da Hayin Dogo da Palladan. Sabon Gari baƙi ne suka gina shi. Almajirai na zuwa neman karatu, masu tallar nono na shigowa daga rugage kullum.

Kalmar da ta fi kowace haɗari a bakin ɗan sintiri ita ce infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Ba ta buƙatar shaida. Ya isa a ce an ga mutum yana waya a bayan gari, ko ya yi sabon babur ba a san sana'arsa ba, ko yana mu'amala da Fulani. Masu ba da rahoton suna nan da gaske, shi ya sa zargin ke saurin kamawa, shi ya sa kuma ya zama hanya mafi sauƙi ta huce tsohuwar gaba.

Maƙwabtanmu sun riga sun nuna inda wannan hanya ke kaiwa. A Zamfara, 'yan sa-kai sun taso ne don maganin ɓarayin shanu, sai suka koma kama Fulani a kasuwanni suna kashewa ba shari'a. 'Yan'uwan waɗanda aka kashe suka shiga daji, waɗanda ke dajin suka samu sababbin mayaƙa da hujja. A Afrilun 2014 aka afka wa taron 'yan sintiri a 'Yar Galadima da ke ƙaramar hukumar Maru, aka kashe fiye da mutum 100. Rikicin da ya fara a matsayin sata ya zama gabar Hausa da Fulani, kuma wani ɓangare na 'yan bindigar da suka addabi Giwa da Birnin Gwari daga wannan wutar suka fito. Wannan shi ne wurin da dukan da aka yi a shago ke zama matsalar tsaron ƙasa.

Wanda yake ganin abin ba zai taɓa shafarsa ba, ya tuna Uromi. A watan Maris na 2025 'yan sintiri a Jihar Edo suka tare motar da ta ɗauko mafarauta 'yan Arewa daga Fatakwal za su Kano hutun sallah. Aka ga bindigogin toka a motar, aka ce masu garkuwa ne, jama'a suka taru aka kashe 16. Mutanen Uromi ma suna fama da masu garkuwa, su ma sun gaji da jiran hukuma, su ma tambayar da suka yi ita ce ɗan gidan wa. Direban Zariya da ke kai tumatir da albasa Kudu yana wuce shingaye irin wannan a kowace tafiya.

Kaki da rajista

Martanin gwamnati shi ne ta jawo abin cikin tsari. A 2023 Gwamna Uba Sani ya ɗauki mutum 7,000 cikin KADVS, aka horar da su a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna. Katsina ta ƙaddamar da nata dakarun a Oktoban shekarar, Zamfara ta fito da Askarawa a Janairun 2024, mafi yawan jihohin Yarbawa kuma tun 2020 suke da Amotekun. Duk wannan na faruwa alhali sashe na 214 na tsarin mulki ya ce ba za a kafa wata rundunar 'yan sanda ba bayan ta tarayya. Jihohi sun samu hanyar kewaye sashen ta hanyar canja suna, kuma maganar 'yan sandan jiha ta daɗe tana yawo tsakanin gwamnoni da majalisa.

Rajista ci gaba ce. Wanda sunansa ke takarda, aka tantance shi, yake da shugaban da za a iya kai ƙararsa, ya fi wanda ba a san wanda ya ɗauke shi ba. Amma a raba 7,000 ga mazaɓu 255 na jihar, za a samu kusan mutum 27 a kowace mazaɓa, dare da rana, gari da ƙauye. Ke nan mafi yawan masu busa usur a layukan Zariya har gobe ba sa cikin kowace rajista. Kaki kuma ana ɗinka shi a kasuwa, talaka ba ya iya bambance na gwamnati da na tela cikin duhu.

Dattawa kan ce da can akwai dogarai da 'yan doka, wato 'yan sandan masarauta, kuma gari na zaune lafiya. Gaskiya ne akwai sarƙa a lokacin: mai unguwa na amsa wa dagaci, dagaci ga hakimi, hakimi ga sarki, kuma baƙo ba ya kwana a gari mai unguwa bai sani ba. Amma 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU da suka ɗanɗana hannun 'yan doka a jamhuriya ta farko suna da wani labarin, kuma amfani da su wajen murƙushe 'yan adawa na cikin dalilan da suka sa gwamnatin Gowon ta narkar da su cikin 'yan sandan tarayya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa zare iko daga hannun masarauta. Yau mai unguwa a Zazzau yana da kwarjini da sanin mutane, ba shi da albashin kirki ko ikon doka. Shi ake tasowa idan an kama mutum, amma idan yaran suka ƙi jin maganarsa babu abin da zai iya yi musu.

Wanda ke iya yi musu wani abu shi ne mai saya musu babur da takalma da rigunan ruwa, kuma sau da yawa ɗan siyasa ne. Kyautar tana da amfani, unguwa ma godiya take yi. Sai dai matasa ashirin da suka saba aiki tare cikin dare, suka san gidan kowa, suka saba a ji tsoronsu, abin nema ne a shekarar zaɓe.

Tun bayan sulhun da aka yi a Birnin Gwari a ƙarshen 2024, wanda ya kai ga sake buɗe kasuwar shanun garin, an samu sassauci a wasu hanyoyin da a da ba a bi. A duk inda harbi ya lafa, kuɗin wata ne ke fara ja da baya, mai karɓa ya zo a ce masa ya dawo ƙarshen wata. Ƙarfen bakin layi yana nan, ofis yana nan, bindigogin da aka saya da kuɗin karo-karo suna hannun waɗanda aka ba, kuma a mafi yawan unguwanni babu littafin da ya nuna guda nawa ne ko wa ke riƙe da su. Zaɓen 2027 zai tarar da su a haka idan kwamitocin da suka raba su ba su zauna sun ƙirga ba.